Hawayen Hajiya Sailuba

Duk Asabar da la'asar muna taruwa a falon Hajiya Sailuba da ke Bowie mu kalli finafinan Ingila. Ita ke zaɓa, kuma kullum labarin ɗaya ne: 'yar masu sarauta ta ƙyalla ido kan direban gidansu ko mai ban ruwan fulawa, dangi su tayar da jijiyar wuya. Hajiya ta yi ta sharɓe, tana tsine wa iyayen yarinyar. Wallahi ko a gidan rasuwa ban taɓa ganin ta yi kuka haka ba.

"Turawan nan ba su da imani," in ji ta. "Mutum ai mutum ne!"

Wannan hawayen ne ya ruɗi 'yarta Najiba. Ta daɗe tana ɓoye saurayinta Fatihu, injiniya a Germantown, tana tsoron uwar. Sai ta yi dabara, ta ce masa ya shigo daidai ƙarshen fim, lokacin da zuciyar Hajiya ta yi laushi.

Ya shigo, ya durƙusa ya gaishe mu. Hajiya ta share ido, ta tambayi aiki, ta ji, ta washe baki. Sannan ta zo kan tambayar da ba a tsallakewa.

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Hajiya, mahaifina mahauci ne a Maraɗi. Kakana ma fawa ya yi."

Nan take idon ya bushe ƙarƙaf. Matar da yanzun nan ta gama zagin wani tsohon Bature saboda ya hana 'yarsa auren direba, ta miƙe ta ce za ta duba shayi. Mu kuwa, 'yan amshin shata, kowa ta dukufa kan wayarta. Na ji kunya, amma ban yi tari ba.

Najiba ta bi ta kicin. Ƙofar a buɗe take, Fatihu yana ji, muna ji.

"Mom, please. Ke kika ce mutum mutum ne."

"Su can kuɗi ne ya raba su, 'yar nan. Namu asali ne, digiri ba ya wanke shi." Ta sassauta murya, wai ita mai tausayi. "Yaron yana da ladabi, ban ƙi ba. Ki ba shi lambar Ɗija mai yi mana aikace-aikace. Za su dace."