Haruffa Shida da Baƙin Zare

Abin da Orpha ta gada daga uwarta bai wuce ƙyalle ɗaya ba, irin wanda 'yan mata ke koyon ɗinki a kansa a makaranta. Uwar ta rasu a Philadelphia tana goyonta, gidan marayu ya raine ta. A ƙyallen akwai gidan jan bulo, da tumaki biyu masu kama da karnuka, da suna: Keziah Darlow, 'yar shekara goma sha ɗaya. Can ƙasa kuma haruffan farko na sunayen 'yan gidansu, shida a jere, da baƙin zare. Sunan gari kuwa ko alama.

Haruffan nan su suka hana Orpha sakat. Mutum shida fa! Ko ɗaya ya rage, ai ta samu na kira ɗan'uwa. Ta haura arba'in ba ta taɓa ce wa kowa kawu ba, abin kuwa yana cin ta.

Ta sha yawo har takalminta ya ƙoɗe. Wata dillaliyar tsofaffin kaya ce ta ce mata kowace malama da irin zanenta, ɗalibai kwaikwaya kawai suke yi, don haka ta bar cigiyar suna ta koma cigiyar tumakin. Haka aka yi ta miƙa ta daga wannan gida zuwa wancan, har wani mai keken doki ya ce ya taɓa ganin munanan tumakin nan a bangon wata tsohuwa, Tacy Mendenhall, a wani ƙauyen Chester.

Ta tarar da tsohuwar tana feraye tuffa a bakin murhu. Tsohuwar na ganin ƙyallen ta kwashe da dariya.

“Tumakin Malama Lukens! Allah ya jiƙanta, matar nan ba ta taɓa kallon tunkiya da kyau ba. Keziah kuwa benci ɗaya muke, uwar kuka, kullum hanci na zuba. Ke 'yarta ce? Matso in gan ki.”

Orpha ta durƙusa. “Iya, 'yan'uwanta nake nema. Ga su nan, su shida. Ina gidansu?”

Dariyar ta ɗauke. Tsohuwar ta ajiye wuƙar a cinyarta.

“'Yar nan, ba wanda ya taɓa gaya miki? A wajenmu mai rai da jan zare ake ɗinka shi. Baƙi na wanda ya riga mu gidan gaskiya ne.”

“Duka shidan?”

“Duka. Zazzaɓi ne ya shiga gidan. Ai shi ya sa aka kawo ta makaranta, ba mai riƙe ta.”

Allah sarki. Orpha ko kuka ta kasa. Ashe tun uwarta na yarinya ba kowa, ita kuwa ta ƙarar da ƙarfinta tana ƙwanƙwasa ƙofofin mutane.

Tacy ta ɗaga ƙyallen wajen taga, ta ɗora yatsa a kan harafin ƙarshe.

“Dubi nan, kin ga hudojin allura sun yi yawa? Ƙanenta ne, Enos, shi kaɗai ya rage mata lokacin da aka kawo ta. Da ja ta fara ɗinka shi, har tana yi mana yanga wai ita ma tana da na ja. Kafin a yi hutu labarin rasuwarsa ya zo. Malama ta miƙa mata almakashi. Ina zaune kusa da ita ta warware shi da hannunta, ta ce in ara mata baƙi, nata ya ƙare.”