Hulata a Kan Dutse na Bakwai

Shekara goma sha tara ina naɗe duwatsun ƙyalli a ɗakin bincikenmu na jami'a. Dutsen kamar gilashi yake. Idan ƙwayar zarra ta fashe, ɓurɓushinta ya dake shi, sai ya yi ɗan walƙiya, na'ura ta ƙirga. Aikina in naɗe shi da farin tef, in bi da baƙi hawa uku, don ko ɗigon hasken waje ya shiga, na'urar za ta shara ƙarya.

Farfesa kuwa, maigidanmu a ɗakin, mutumin da ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa ba, ya ce wannan ba aiki ba ne. Ranar da mai hoto ya zo, ya ture ni gefe, ya naɗe dutse na bakwai da kansa, hawa ɗaya tal, yana wa kyamara murmushi. Ya kuma ce in na cika surutu, sito zai mayar da ni gadin karyayyun kujeru.

Ba a yi sati biyu ba, na bakwai ya fara ƙirga abin da sauran ba su gani. Farfesa ya ce ya gano baƙuwar ƙwaya, irin wadda ke mutuwa kafin ƙiftawar ido. Oho! Ƙwayar da ba ta fashewa sai mai shara ta ɗage labule.

Na same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, haske ne ke shiga."

"Digirinka nawa?" ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Na juya na fita, don ina son aikina, ba ni da wani.

Ran Laraba Farfesa ya tara shugaban jami'a da baƙi su ga ƙwayar tasa. Lambobi na ta gudu a allo, shi kuma yana ta hura hanci.

"Malam, matsa ka ba manya wuri," ya ce mini.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na cire hulata, na kifa a kan na bakwai. Lambobin suka tsaya cak. Shugaba ya dubi allo, ya dubi Farfesa, ya tambaya ko ƙwayar ta tafi hutu ne.

Kafin a tashi aiki takardar sito ta iso ni. Hular na bar musu. Wata huɗu ke nan tana kan dutsen, don a cikin masu digirin nan babu wanda ya iya naɗi.