Asalin Ƙullutun Haladu

Haladu ya kanne ido ɗaya, ya kafa ɗayan a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, yadda Dokta Chuwang ya nuna masa. Da fari duhu ya gani. Can sai wata ƙasa ta buɗe, ja-ja da shuɗi-shuɗi, cike da ƙananan ramuka, kamar tafkunan kuza in an hango su daga kan dutse. Ya ji kamar ya sauka ya yi ta yawo a ciki. Wai wannan ne ƙullutun da aka cire masa a maraina, abin da ya hana shi sakat tun damina.

Ba tsoron mutuwa ya dawo da shi asibiti ba, don an riga an ce masa ba mugun ciwo ba ne. Shi asali yake nema. Mutumin da ya tsufa a sayar da katako, wanda in ya shinshina falanki zai gaya maka kurmin da aka saro shi, ina zai yarda abu ya tsiro haka kawai? Ya ma riga ya yanke hukunci: jifa ne, kuma ƙaninsa Jika ya yi. Har bangon falanki ya kafa a tsakiyar rumfarsu ta kasuwar Katako, ya daina amsa gaisuwarsa.

"Likita, ta ina ya shigo?"

Dokta Chuwang ya ce ai bai shigo ba. Akwai wani ɗan tantani da ya lulluɓe wurin, kowane namiji da shi aka haife shi. Ƙwayoyinsa ne suka yi yawa suka dunƙule.

"Baba, duk naka ne. Babu na wani ko ɗaya."

Haladu ya sake leƙawa, ko zai ga baƙon abu, gashi, allura, ko da zare ne. Ramukan na nan shiru, gwanin kyau. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko ranar da ya tuɓe wando gaban likita.

Da ƙafa ya koma Katako, bai ma san sa'ad da ya wuce Gada Biyu ba. Ya tsaya gaban bangon yana duban manyan ƙusoshin da ya buga da hannunsa.

"Jika, ara mini hamarka."

Jika ya miƙo ta saman bangon, bai tambayi dalili ba.

"Yaya, sai dai ka zagayo. Tsinin ƙusoshin ta wajena suka fito."

Haladu ya zagaya.