Eka Biyu a Takarda

Sau uku Mai Albasa yana barin na bayansa ya wuce gaba a layin ofishin gona, ba don kirki ba, don dai kada a zo kansa. Takardar rajistar da ke aljihunsa har ta jiƙe da gumi.

Wata huɗu da suka wuce wasu ma'aikata suka zo garinsu da littafi suna tambayar girman gonar kowa. Shi kuwa tun tasowarsa, in hukuma ta tambayi abin da ka mallaka, haraji ke tafe. Ko ƙifta ido bai yi ba ya ce eka biyu, alhali bakwai gare shi har da 'yan kai. Ashe tallafin taki za a biya, kuma gwargwadon girman gona. Wannan ma da sauƙi. Jiya rediyo ya ce duk wanda aka kama da bayanin ƙarya za a cire sunansa na shekara uku. Ga iri ya yi kyau a fangali, ba taki kuwa albasa ba ta ƙwai. Matarsa ce ta tasa shi gaba, ta ce gara ya kai kansa kafin a zo nemansa.

Da layi ya zo kansa, ya zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu. Ma'aikaciyar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba, abin da ya ƙara masa kunya ke nan. Ya yi ta gaisuwa, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida, har sai da ta ajiye biro ta zuba masa ido.

"'Yata, ƙarya na yi muku," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Gonar nan ta fi biyu."

Ta karɓi takardar ta danna kwamfuta, sannan ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Sai ga gonarsa daga sama, da rijiyar, da bishiyar da yake ɗaure jaki, har da lungun da ruwa ke kwanciya. Bai taɓa ganinta haka ba, ta yi masa kyau ƙwarai.

"Bakwai da rabi, Baba. Da wannan muka yi lissafi."

Ta ce masa da sun bi abin da manoma suka faɗa, da gonakin gundumar duka ba su cika filin ƙwallo goma ba. Shi ya sa aka auna da hoto. Masu ƙara wa gonarsu girma ake nema, ba masu ragewa ba, kuma kuɗinsa za su shiga ranar Litinin. Ya yi ta sa mata albarka har na bayansa ya fara gyaran murya.

A bakin ƙofa ya ci karo da maƙwabcinsa na gona, mai eka goma sha biyu wanda shi ma ya rage wa gonarsa girma a rajista, ya rakuɓe a ƙarshen layi yana murza tasa takardar. Ya riƙo hannun rigar Mai Albasa ya tambaye shi a kunne yadda aka ƙare.

Mai Albasa ya dube shi, ya tuna awa ukun da shi ya sha a tsaye. Ya girgiza kai a hankali.

"Kai dai shiga. Allah ya sa ta ji tausayinka."