Garin Masa a Takardar Siminti

Duk wanda ya taɓa sayen rago a karar Tawa a shekarun farko na mulkin kai ya san Kaltumi mai masa. Tandarta tana bakin kara, ƙarƙashin wata bagaruwa, kuma gaskiya masarta ba kyau gare ta ba. Baƙa-baƙa ce, ga nauyi a hannu. Amma in ka ci huɗu da hantsi, sai la'asar za ka tuna kana da ciki. Haɗin ba wani ɓoyayyen abu ba ne: awo uku na gero, ɗaya na wake, sai busasshen cuku da ake dakawa har ya koma gari. Haka mahaifiyarsu take yi a Barmu, haka ta koya wa Kaltumi, ita kuma Kaltumi ta koya wa ƙanwarta Habsatu, abin da daga baya ta yi ta cizon yatsa a kansa.

Ba soyayyiyar masa kaɗai take sayarwa ba. Makiyaya masu dogon zango sukan sayi busasshen garin su cika jakar fata, su riƙa kwaɓawa a hanya suna soyawa da man shanu. Babba a cikinsu shi ne Alƙasum, wani dogon dattijo daga arewacin Takanamat, wanda ya shekara goma sha biyu ba ya kora shanu arewa sai da garinta a bayan jaki. Shi ya kai sunan har bakin rijiyoyin da Kaltumi ba ta taɓa gani ba. A can ba a cewa garin masa, sai dai garin Kaltumi. Ba ta da rufin kwano, ba ta da zinariya, amma tana da wannan suna, kuma tana ji da shi ƙwarai.

Sai Habsatu ta auri wani filanto, mai kai takardu a ofishin gwamnati, ta koma kusa da gidajen ma'aikata. Matan can ba su da lokacin daka, wasu kuma suna da lokacin amma hannunsu ya yi laushi. Habsatu ta lura. Ta samo takardar buhun siminti ta goge, ta yanka, ta naɗe gari awo-awo ta ɗaure da zare, mijinta ya rubuta sunanta a kai da harafin lakkwal, wato boko. Da madam-madam, matan ma'aikatan, suka ce masar ta cika duhu, sai ta cire waken, ta cire cukun, ta surfe geron sau biyu, ta ƙara garin alkama na kanti. Masa ta fito fara sol, tana tashi kamar auduga. Kafin damina ta zagayo, ƙunshin Habsatu yana kan kantar wani kanti, kusa da gwangwanin madara.

Ranar da Kaltumi ta gan shi a can ta kasa cin abinci. Ba ta iya karatu ba, amma mai kanti ya taimaka mata da abin da ba ta roƙa ba, ya karanta mata sunan da ƙarfi. Habsatu! Yarinyar da ta goya, wadda ko wuta ba ta iya hurawa sai hayaƙi ya cika gida. Kishi ne ya kama Kaltumi, kishi tsagwaronsa, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. In an yabi farar masa a gabanta sai ta ce ai fari ba ya cika ciki, sannan ta koma gida ta zura wa nata garin ido, ta ga kamar toka.

Wata uku ta yi tana wannan zagi, a na huɗu ta yi abin da take zagi. Ta ajiye wake, ta daina sayen cuku, ta surfa gero sau uku don ta ɗara ƙanwarta da ɗaya, ta tankaɗe da rariyar da ta fi kowace laushi. Ta roƙi magina takardar siminti. Garinta ya fito ya fi na Habsatu haske, ta tsaya tana kallonsa a rana tana murmushi ita kaɗai. Abin takaici, madam-madam ba su zo ba. Wa zai sa takalmin kanti ya ratsa kashin shanu don ya sayi gari?

Wanda ya zo shi ne Alƙasum, ranar Lahadi, da jakarsa. Zai yi sati biyar a hanya, shi da ƙanensa da matar ƙanen mai shayarwa. Ya ga ƙunshin takarda ya yi dariya, ya ce Kaltumi ta zama 'yar ofis. Bai buɗe ba, don bai taɓa buɗe garinta ba. Maganar ta zo mata har bakin harshe, kamar ta gaya masa an sake haɗi. Sai ta tuna wannan fari zai je har rijiyoyin arewa a ce nata ne, ta haɗiye. Ta jera ƙunshi ashirin a jakarsa, ta yi masa fatan sauka lafiya.

Sati shida suka wuce, na bakwai ya shiga, bai zo gindin bagaruwa ba. Wani dillalin shanu mai suna Ciɗo, wanda ba a taɓa rasa labari a bakinsa ba, shi ya tsaya yana cin masa ya ce ai Alƙasum ya dawo tun shekaranjiya, ya rame har rawani ya yi masa yawa, kuma yanzun nan ya ga jakinsa ɗaure a ƙofar Habsatu.

Kaltumi ta bar tanda a wuta. Tun daga kara har unguwar ma'aikata tana shirya abin da za ta faɗa: an ƙwace mata matan ma'aikata, yanzu kuma an biyo ta har cikin makiyaya.

A ƙofar gida ta tarar da Alƙasum zaune a inuwa. Ciɗo bai yi ƙari ba. Dattijon ya gaishe ta da ladabi kamar kullum, ya tambayi gida, wannan ladabin ma ya fi zagi ciwo. Da ta tambaye shi me ya kawo shi nan, bai ɗaga murya ba.

"Garinki na bana ba shi riƙe mutum, Kaltumi. Mu ci da sahe, kahin rana ta kai tsaka gwiwa ta mutu. Na sati biyar, sati ukku munka cinye shi. Matar ƙanena nono ya ja baya, sai da munka tsaya wani zango kwana tara." Ya gyara rawaninsa. "Da kin hwaɗa mini, da na yi wani shiri."

Kaltumi ta shige ciki da sauran faɗanta. Tun daga zaure ta ji warin cuku. Habsatu tana tsakar gida da taɓarya a hannu, ga ƙwaryar wake an ɓare, ga gari a faifai, baƙi-baƙi, mai nauyi. Fararen ƙunsoshin suna can gefe a kan tabarma.

Kaltumi ta nuna faifan ta tambaya mene ne wannan.

"Na Inna ne, Yaya. Ban taɓa barin shi ba, shi ɗiyana ka ci." Habsatu ta share zufa. "Hwarin ga na matan ofis ne, su da nama ke jiran su gida da rana. Wa za ya ba mai tahiya shi?"

Ba da gatse ta faɗa ba, domin ba ta ma san abin da ya faru ba, Alƙasum bai gaya mata ba. Cewa kawai ya yi yana son na dā. Habsatu ta ɗebo garin a tafin hannu ta miƙo, irin yadda take yi tun tana yarinya, ta ce Yaya ta ɗanɗana mata, ko cukun ya yi daidai, tunda ita ta fi sanin hannun Inna.

Kaltumi ta lasa. Ta juya shi a baki tana neman aibi, ta nema da gaske. Ƙanshin wake ya zo, tsamin cuku ya biyo baya, komai a mazauninsa, kamar Inna ce ta tashi daga Barmu ta daka. Abu ɗaya da take da shi wanda take zaton ƙanwarta ba ta da shi, ga shi a turmin ƙanwar, kuma gobe zai hau jaki ya nufi arewa da wani suna.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce.

Habsatu ta yi godiya ta tafi ɗauko gishiri. Kaltumi ta fita ta ƙaramar ƙofar baya, don kada ta sake bi ta gaban Alƙasum. Da ta isa kara ta tarar masar da ta bari a tanda ta ƙone ƙurmus.