Jar Motar Salim Ta Sauko

Salim mutumin Damagaram ne, yana da shagon yadi da turare a Tamanrasset. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa jar motarsa ce mai ƙofa biyu, irin ta masu son gudu. Wani Balarabe ya sayar masa da ita, bayan ya sa mata dogayen resor, wato murɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗauke da nauyin mota, don yana yawan bin hanyar ƙauyen Mertoutek mai gargada. Sai ta koma kamar zalɓe. Salim ya daɗe yana cewa zai sauke ta har ta kusa shafar kwalta.

Bai kai ga yi ba, ya faɗo daga saman shagonsa wajen duba rufi. Ya tashi da rai, amma ƙafafun ba su ƙara ɗaukarsa ba. Motar ta zauna a tsakar gida cikin tampol, shi kuma a keken guragu. Matarsa Suwaiba ta lura kullum da hantsi sai ya tura keken ya tsaya gefenta, ya ɗaga tampol ya leƙa, ya sake.

Ita ce ta je unguwar Gataa El Oued ta kira Zakari, bakanike ɗan Maradi da suka yi zaman haya gida ɗaya da Salim tun suna samari. Zakari ya ce giyar motar mai canza kanta ce, saboda haka ana iya haɗa sandar hannu da birki da totur. Ya haɗa ɗin. Amma ranar gwaji sai ga matsala: kujerar motar ta fi keken tudu. Salim ya kama ƙofa ya yunƙura, ya sake yunƙurawa, har sai da Zakari ya cicciɓe shi. Da ya zauna bai ko taɓa makulli ba. Ya ce in dai sai an ɗauke shi kamar buhu, a mayar da tampol.

Zakari ya mayar da tampol ɗin. Bayan kwanaki ya dawo da resor iri biyu da ya aro wurin mai sayar da kayan mota, ya ajiye su a tabarma. Na farkon gajeru ne, shuɗɗa, masu tauri. Idon Salim ya tsaya a kansu, domin su ne ya yi shekaru yana mafarki. Zakari ya bayyana masa cewa da su motar za ta kwanta ƙasa sosai, kowa ya waiga, sai dai duk ramin da ta faɗa bayansa zai ji, cikinta kuma zai riƙa gogar tudun rage gudu da ke gaban lekkol, wato makarantar boko. In aka yi ruwa kori, wato rafin damina, ya kwaso yashi ya zuba a titi, to sai haƙuri. Na biyun baƙaƙe ne, ba su da wani kyan gani, saukarsu kaɗan ce kuma suna da taushi.

Salim ya juya shuɗin a hannunsa, ya ce shi fa wannan yake so. Suwaiba da ke tankaɗe a ƙofar madafa ta ajiye rariya.

"Maigida, shuɗin zai saukar da kai. Wa zai hau da kai in za ka fito?"

Salim bai taɓa tunanin fita ba, shiga kawai yake hange. Idan kujerar ta yi ƙasa da keken da yawa, wahalar ta koma wajen fitowa ke nan. Ya ce wa Suwaiba ta ɗauko masa ma'aunin yadi. Shi da kansa ya sunkuya ya auna daga ƙasa zuwa mazaunin keken, ya sa Zakari ya auna na motar. Baƙaƙen ne suka zo daidai, har da ɗan ragowar da za su lotsa in sun saba da nauyi.

"Sa baƙaƙen," in ji Salim. Ya miƙa shuɗin ba tare da ya sake kallonsa ba.

Zakari ya ja motar zuwa garaj, ya sa resor ɗin, ya daidaita tayoyi don kada su ci gefe. Ranar Alhamis bayan la'asar ya kawo ta. Salim ya matso da keke, ya danne birkinsa, ya hana kowa taɓa shi. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kujera, ya zame ya shiga. Ya jawo ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsiyaya a wuyansa, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Suwaiba ta naɗe keken ta cusa a baya, ta zauna kusa da shi. Suka fita a hankali, taksi na yi musu oda yana wuce su, duwatsun Hoggar sun yi jawur a gabansu. A tudun lekkol ya rage gudu ya kasa kunne, motar ta haye ba ta gogi komai ba. Ya tambaye ta ina za su. Ta ce shago, domin tun safe ake jiran wanda zai zaɓi sabbin atamfofin da suka iso.