Ba Kyauta Ba Ce, Gumina Ne

Tun ranar da kotu ta ce na karye, albashina ya zama kifin rabo: kashi ɗaya cikin huɗu na masu bina bashi, sauran nawa. An sayar da kantin maganina na Iskandariya har da kujeru. Na koma ƙarƙashin Hajji Abdul'aɗi, ina miƙa magani a kantinsa da digirina. Ban taɓa roƙon kowa ba.

Da azumi na haɗa aikin safe da na yamma saboda idon Mama. Likita ya ce in ba a cire yanar da wuri ba, idon zai tafi. A tsaye nake shan ruwa, dabino a aljihun farar rigata.

Dab da salla Hajji ya tura min kuɗin ƙarin aikin. Banki ya riƙe su kaf. Zama ya gagare ni. Na tafi wurin Ustaz Mitwalli, wanda kotu ta ɗora a kan dukiyata.

"Dakta Nermin, albashi doka take karewa," ya ce yana juya takardun gabansa. "Wannan kuwa maigidanki ya ce kyautar salla ce. Kyauta sabuwar dukiya ce, ta masu bashi ce duka."

Ban jira motar haya ba, da ƙafa na koma kantin Hajji.

"Hajji, wa ya ce ka yi min kyauta?"

"Haba 'yata! Don kada su gutsira na faɗi haka. Wa ke taɓa barka da salla?"

"Ga shi sun haɗiye har da ƙaya. Tashi mu je ka gaya musu gumina ne."

Ya sosa gemu, ya saci kallon sauran ma'aikata. In ya kira shi ladan aiki, su ma za su tuna nasu.

"Bar shi kawai, ni zan biya asibitin, sadaka."

"Sadaka? Ka kai ta masallaci, Hajji. Ni haƙƙina nake nema."

Na cire farar rigar, na ajiye a gabansa, na tsaya. In ya ɗauke ta, ba aiki, ba ido. Layin masu sayen magani ya kai titi, wata tsohuwa tana ta buga kanta da sanda.

"Kai, wannan yarinya, Fir'auna ma sai ya sara miki! Sa rigarki, ɗauko min sandata."

A gaban Ustaz Mitwalli ya faɗa, kamar ana cire masa haƙori: ladan aiki ne. Aka cire kason masu bashi, aka sakar min saura. Na haɗa da kuɗin 'yan kunnena da na sayar, ya isa aikin idon.

Ranar da aka kwance wa Mama ido, ta daɗe tana kallona.

"Nermin, wa ya cinye miki kumatu?"